Jawabi a kan Rufin Tsohon Gida

Ni ba magini ba ne, ba kuwa kafinta ba. Aikina na akawu ne da juya magana daga Turanci zuwa Hausa. Amma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ni kuwa namu ya yi mana yoyo har ya koya mini karatun da ban yi a makaranta ba. Abin da na koya shi zan gaya muku.

Gidanmu kakana ne ya gina shi, tun Kawo tana bakin gari, gonaki na kewaye da ita. Kun san a 1917 ne aka ɗauke mazaunin Gwamna daga Zungeru aka kawo shi Kaduna, mutane suka yi ta kwararowa daga Zazzau da Kano da Katsina neman abinci. Ko wanne ya zo da irin ginin garinsu, watau bangon tubali da rufin soro. Abin da ba su zo da shi ba, shi ne irin saman garinsu. Ruwan Kaduna ya fi na Kano yawa, ya fi na Katsina nesa ba kusa ba. A shekara a kan sami kamar milimita 1,200, watau da ƙasa ba ta shan ruwa, ba ya kuwa gudu, da ya taru ya kai zurfin ƙafa 4. Bari in yi muku lissafi. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12, faɗi ƙafa 12, ruwan da ke sauka bisa kansa daga Afril zuwa Oktoba ya kai lita 16,000. In ka zuba shi cikin duro irin na mai, sai ka cika duro 80. Ɗaki guda ke nan. To, ka ƙirga ɗakunan gidanka.

Kada wani ya ce na zo zagin soro ne. Ko kusa. Magabatanmu sun san abin da su ke yi. Su kan tsaga giginya su fid da azara, gama gara ba ta cika damunta ba. Su kan jera ta, su shimfiɗa zana ko asabari, su ɗora ƙasa, su shafe da laso ko makuba, su sa indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Ɗakin soro da rani sanyi, da hunturu ɗumi, in a na ruwa kuwa ba ka jin ƙara. Wanda ya ga masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ya san iyakar abin da ƙasa da azara su ke iya yi a hannun gwani. Amma soro kamar doki ya ke, kullum sai da kiwo. Ko wace shekara kafin ruwa ya sauka a kan hau a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Masu wannan aiki sun yi ƙaranci yanzu, marina sun mutu balle a sami katsi na yin laso, mu jikoki kuma muna ofis, ba mu hawa.

Ga kuwa wani abu da ban lura da shi ba sai da ya kusa yi mana ɓarna. Ko wace shekara a na ƙara ƙasa bisa soro, ba a ragewa. Na ɗakin tsohuwata, ran da muka sare shi, kaurinsa ya haura ƙafa 1. Ƙasa mai wannan kauri bisa ɗaki irin wanda na ambata ta fi tan 6, watau nauyin buhun siminti 120, tun ba ta sha ruwa ba. Azara kuwa in ta wuce kamar ƙafa 6 ba abin da ya tallafe ta, sai ta soma lanƙwasa. In ta lanƙwasa tsakiyar soro ya yi kwari, ruwa ya kwanta, ya jiƙa ƙasa, nauyi ya ƙaru, azara ta ƙara lanƙwasa. Haka abin ke tafiya har ran da za ta gaji.

Wata shekara cikin Agusta aka kwana biyu a na yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Irin wannan ruwa shi ne maƙiyin soro, ba mai ƙarfi da ke zuwa ya wuce ba. Da tsakad dare tsohuwata ta buga mini ƙofa, ta ce, "Kai, zo ka ji, ɗakin nan magana ya ke." Na ɗauki fitila na shiga. Sai na ji azara na ƙas, ƙas, ƙasa na zubowa kaɗan kaɗan bisa gadonta. Na fid da ita da jikokinta biyu da ke kwana wurinta, muka koma zaure. Kafin asuba kusurwar gabas ta rufta. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane, amma akwatin littattafaina na ciki, har da babban ƙamus na Bargery, bugun 1934, wanda na gada wurin wani malamina. Na shanya shi ganye ganye kwana bakwai, har yau in ka buɗe wajen harafin K sai ka ji warin laka.

Sabo da haka, abu na fari, ka san alamun. In ka ga azara ta yi ciki, ko bakinta da ke cikin bango ya yi baƙi ya yi taushi har wuƙa na shiga, ko ka ga gari na zubowa, ko tsaga ta sauko daga saman bango, kada ka bar kowa ya kwana a ɗakin nan da damina. Ba a jiran gobe da wannan.

To, da gari ya waye shawara ta zo kan kwano. Kwano ba baƙo ba ne, ko da ya ke ba namu ba ne. Wani Bature mai suna Henry Palmer ya fito da dabararsa a London a 1829, bayan 'yan shekaru kuma wani mutumin Faransa ya samo hanyar tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya don kada ya yi tsatsa da wuri. Da jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, sai ɗauko shi ya yi sauƙi. Me ya sa a ke lanƙwasa shi tudu da kwari? Malaminmu a makarantar Mishan ya taɓa nuna mana. Ya ɗora takarda tsakanin littattafai biyu, ya aza alli, ta faɗi. Ya ninke ta kamar mafici, ya mayar, ya aza alli har uku, ta tsaya. Ƙarfin kwano ba a kaurinsa kaɗai ya ke ba, a ninkin nan ya ke.

Amma a nan ne mutane da yawa su ke yin kuskure, ni ma na yi. Mun saba da rufin da ke so ya faɗo, ba mu saba da wanda ke so ya tashi ba. Kwanon da zai rufe ɗakin nan duka bai kai nauyin buhun siminti 2 ba. Ka tuna soro 120 ne. Hadarin farkon damina, na Afril da Mayu, daga gabas ya kan taso da iska a gabansa. In iska ta bi ta bisa rufi da gudu, ba danna shi ta ke yi ba, tsotsarsa ta ke yi sama. In kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi daga ciki. Masana sun auna sun ga in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninka huɗu ya ke yi. Shi ya sa ka kan ga rufi ɗungum, da kwano da katako, ya tashi ya sauka gidan maƙwabta, ko ya yanke wayar lantarki, ko ya sari mai wucewa.

Kafintan da na fara ɗauka, ba zan ambaci sunansa ba, ya yi mini aiki mai kyaun gani cikin kwana uku. Ya aza katako bisa bango, ya kafa 'yan ƙusoshi cikin ƙasa, ya yaɓe da siminti. Na biya shi ina murna da araha. Ashe araha ba ta ado. Hadari na biyu na shekarar da ta biyo ya ɗaga gefe guda kamar a na buɗe faifai bisa ƙwarya. Ƙusa ba ta riƙe tubali, ko yaro ya sani, amma ni da karatuna ban tambaya ba.

Ga yadda dattijon da ya gyara mini ya yi, na kuwa tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Da fari bai dubi sama ba, gindin bango ya duba. Ya ce rufi sabo bisa bango ruɓaɓɓe, rawani ne bisa kan majinyaci. Inda ruwa ya ci gindi ya sa aka cike, inda ya tsage aka sare aka sāke. Sa'an nan ya daidaita saman bango, ya shimfiɗa katako mai kauri ya kewaye ɗakin, wanda dukan sauran katakai za su hau kansa. Wannan katako shi ne a ke ɗaurewa. Ya huda bango ƙasa da shi da kamar ƙafa 2 zuwa 3, ya zura waya mai kauri riɓi biyu, ya zagayo da ita bisa katakon ya murɗe, ya sa guntun katako a bakin hudar don kada waya ta yanka ƙasa. Ya yi haka a ko wace kusurwa, da kuma ko wane taku guda ko ɗaya da rabi. Watau in iska na son rufin, sai ta ɗauka da nauyin bangon duka. Wanda bangonsa na bulo ne, a kan zuba kankare da rodi a kewaye saman bangon, a bar ƙarfe ya fito a lanƙwasa shi bisa katako. Katakan da ke gangarowa kuma, ko wanne a ɗaure shi da langalanga, kada a dogara ga ƙusa kaɗai.

Sai maganar gangare. Masu son rage katako su kan kwantar da rufi kamar tabarma. Irin wannan ruwa ba ya sauka da sauri, iska na tura shi ya koma ta tsakanin kwano, kuma shi iska ta fi saurin tsotsa. Ko wace ƙafa 3 ta faɗi, a tashi ƙafa 1 ko fiye. Ɗaki mai faɗin ƙafa 12, in rufin mai gefe biyu ne, tsakiyarsa ta ɗaga ƙafa 2 zuwa 3. Mai gefe huɗu ya fi tsada, gama ya fi cin katako da yankan kwano, amma ya fi jimrin iska, don ba shi da goshin da za ta daka. Bakin rufi kuma ya zarce bango da kamar ƙafa ɗaya da rabi zuwa 2. In ya gaza haka ruwa zai riƙa dukan bango, in ya wuce haka ka ba iska abin kamawa. Akwai wani yayi da na ke gani yanzu, a ɗaga bango a ɓoye kwano a bayansa don gida ya yi kama da na Turai. A sabon gini mai kankare wannan ruwan mai shi ne. A tsohon gidan ƙasa kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, gama ran da leda ko ganye ya toshe magudanar, cikin bango ruwan zai shiga.

Wajen sayen kaya, ka tafi da kanka, ko Panteka ko wurin 'yan katako, ka tafi da wanda ya sani. Katako ɗanye ya fi arha, amma in ya bushe bisa ɗaki sai ya murɗe, ƙusa ta yi sako-sako. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka duba ko ƙwaro ya huda. Fari mai taushi na silin ne, ba na ɗaukar rufi ba. Kafin a hau da shi a shafe shi da maganin gara, ko ina, har bakin da aka yanka da zarto, don ta nan ta kan shiga. Mutanenmu su kan yi da baƙin mai, ya fi babu, amma bai kai maganin da aka yi don wannan aiki ba.

Kwano bandir-bandir a ke sayarwa, 20 a ko wane bandir, kuma ba duka ne ɗaya ba. Akwai wanda in ka riƙe shi a gefe sai ya yi ta rawa kamar ganyen ayaba. Wannan shekara kaɗan zai yi ja, ya huje wajen ƙusa. Ka tambayi kaurinsa, ka sa a ɗora bandir biyu a sikeli in akwai, wanda ya fi nauyi shi ne naka. Mai hali ya kan sayi dogon kwano na alminiyam, wanda a ke yanka masa daidai tsawon ɗakinsa. Ba ya tsatsa, ba shi da gaɓa a tsakiya da ruwa zai bi, amma shi ma kauri-kauri ne, mai 0.55 ya fi mai 0.45, kuma da irin ƙusarsa a ke buga shi.

Bugun kansa akwai ƙa'ida. A fara jeri daga yamma a nufi gabas, don bakin ko wane kwano ya ba hadari baya. Na sama ya hau na ƙasa da inci 6, na gefe ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi. Ƙusa mai hula a ke sawa, a bisa tudu, ba cikin kwari inda ruwa ke gudu ba. A tsakiyar rufi a na iya tsallake tudu, amma a baki da kusurwa da tsiko a buga ko wanne, gama daga nan iska ke fara ɓamɓara. Ƙusa ita ce mafi arha cikin kayan duka, ita ce kuwa a ka fi yi wa rowa.

Yanzu ga tambayar da na san tana ranku: a sare soro, ko a bar shi a yi kwano bisa kansa? Na yi duka biyu a gida ɗaya. Ɗakin tsohuwata ba zaɓi, ya riga ya faɗi. Amma zaure da turakar kakana azararsu lafiya lau, sai muka rage ƙasar da ta yi yawa, muka bar soron, muka ɗora kwano a sama da ɗan fili tsakani. Ko masallacin Zariya da na ambata, da aka zo sabunta shi, sabon gini aka yi aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a ciki. A ganina wannan ita ce hanya mafi kyau in azara na da rai. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi da ƙara. Cikin Maris, sa'ad da ɗakin kwano ke zama tanda, zauren nan ne kowa ke gudowa. Sai dai ka bar ƙofa ƙarama da za a leƙa tsakanin, ka kuma toshe inda ɓera da jemage za su shiga.

Inda aka sare soro kuwa, lalle a yi silin, a kuma bar 'yan kafofi a sama don zafin da ya taru ya sami mafita. Amma ko wace kafa a sa mata raga. Sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi shiga ɗaki ta tsakanin bango da rufi, ya bi warin masu barci. Mutum ya sa raga a taga ya bar wannan a buɗe, ya rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki.

Wani gargaɗi kuma ga waɗanda gidajensu ke da tsohon rufi ko silin na asbesto, irin farin nan mai kama da siminti da aka yi yayi a shekarun baya. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce mugu. In ta shiga huhu ba ta fita, tana kawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa, shi ya sa Ingila ta hana aiki da shi ɗungum a 1999. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a zare shi ɗai ɗai ba fasawa, ba yanka da zarto, mai aikin ya rufe hanci da baki, a kori yara. Kada a ba mata gutsattsarinsa su yi murhu ko su daɓe tsakar gida.

Saura maƙwabci. Soro da indararo biyu ya ke zub da ruwa, kowa ya san inda su ke tun zamanin kakanni. Kwano kuwa ta bakinsa duka ya ke zubarwa. A Kawo, inda bango ke jingine da bango, duro 80 ɗin nan in ba ka yi musu hanya ba, gindin ginin wani za su. Na ga zumuncin shekara arba'in ya ɓaci a kan wannan, har gaban mai unguwa. Ka kira maƙwabcinka tun ba a yanka katako ba, ku tsaya ku duba tare. Ka sa mazurari a bakin kwano, ka ja ruwan zuwa kwata, ko ka tara shi a tanki mai murfi, ka huta da sayen na 'yan garuwa wata biyar, in ka bar ruwan fari ya wanke ƙurar rani ya wuce. In kuma gidan na gado ne, ku zauna da dukan masu rabo, mata da maza, a rubuta wanda ya ba da kaza, don kada gobe a ce ka yi rufi ne don ka cinye gida.

Lokacin aikin daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin Afril kowa ke neman kafinta, kaya su yi tsada, aiki ya zama na gaggawa, ga ɗaki a buɗe hadari na haɗowa. Wanda ba shi da ƙarfin gida duka ya yi ɗaki ɗaki, ya fara da inda tsofaffi da yara ke kwana. Mu shekara uku muka yi kafin mu gama. Ko bayan an gama, ko wace bazara na kan sa yaro mai sauƙin jiki ya hau, ya taka inda layin ƙusa ya ke kaɗai, ya share ganye, ya duba wadda ta ɗago.

Tsohuwata ta koma ɗakinta damina ta gaba. Daren da aka yi ruwan fari na je na tsaya bakin ƙofa, na ce, "Inna, ina yoyo?" Ta ce, "Babu, ɗan nan, ko ɗigo. Amma wannan ɗaki naka ya cika surutu." A lokacin ba mu sa silin ba tukuna. Da kaka ta yi na sayar da buhun masara 4 muka sa.